An ba ni aji ɗaya, an ce in shiga da bulala

Assalamu alaikum Gwaggo. Na gama NCE, wato karatun shaidar malanta, bara, bana Allah ya sa aka ɗauke ni aikin koyarwa, aka tura ni wata firamare ta gwamnati a wani ƙauye a jihar Jigawa. Hedimasta ya ce aji ɗaya zan riƙe idan an koma makaranta a watan Satumba. An gaya mini bara yaran ajin sun haura 80, benci kuwa bai fi goma ba, kuma akwai 'ya'yan Fulani da ke zuwa daga rugage waɗanda ba sa jin Hausa sosai. Lokacin da muka je koyon aikin koyarwa 'yan aji biyar aka ba ni, ban taɓa tsayawa gaban ƙananan yara ba. Wani dattijon malami a makarantar ya ce in shiga da bulala a hannu in ɗaure fuska tun ranar farko, in ba haka ba za su raina ni har ƙarshen shekara, wai icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Na rubuta darasin A B C D da ƙirgen 1 zuwa 10, amma hankalina ya ƙi kwanciya, ko barcin kirki ba na yi. Don Allah me zan yi da su a ranar farko?

Wata sabuwar malama, Jigawa

Wa alaikumus salam 'yata. Allah ya sanya alheri a aikin, ya sa kin shiga a sa'a.

Darasin nan da kika rubuta, ninke shi ki sa a jaka, zai yi miki amfani mako mai zuwa. Yaron da aka rabo da uwarsa da safe, aka sa masa kayan da bai saba da su ba, aka tura shi cikin taron da bai taɓa ganin irinsa ba, babu wurin A ko B a kansa. Tambayoyin da ke cin ransa daban ne: wace ce wannan matar, za ta dake ni? Idan fitsari ya matse ni ina zan je? Yaushe zan koma gida, ko an bar ni nan ke nan? Aikinki na ranar farko shi ne ki amsa masa waɗannan, da bakinki da kuma abin da zai gani kina yi. Idan ya koma gida ya tashi washegari ya ɗauki jakarsa ba tare da an ja shi ba, ranar farko ta yi kyau, ko da kuwa bai riƙe fensir ba.

Ki je makarantar kwana biyu ko uku kafin a buɗe. Ki sa a share ajin, ki duba rufi da kusurwoyi, domin ɗakin da ya yi dogon hutun damina a rufe ba a rasa kunama ko gidan rina a ciki. Benci goma ba za su ɗauki yara 80 ba, kuma idan kika bar su yadda suke, masu ƙarfi za su haye, ƙanana su zube ƙasa, ki fara shekara da rabon faɗa. Ki jera bencin a baya da gefe, ki nemi tabarmi ki shimfiɗa a gaba. Idan makaranta ba ta da su, ki yi wa hedimasta magana ya taɓa kwamitin kula da makaranta na gari, wanda ake kira SBMC. Irin wannan ƙaramar buƙata dama tasu ce. Ki bar hanya a tsakiya wadda za ki iya tafiya daga allo har bangon baya ba tare da kin tsallake kowa ba. Malamar da ba ta iya isa bayan aji, to 'yan baya ba su da malama.

Game da yawan, manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, ke kuma ga ki da ninkin haka har da ɗori. Ba laifinki ba ne, kuma ba yau aka fara ba. A watan Satumba na 1976 da aka ƙaddamar da shirin UPE na ba kowane yaro ilimin firamare kyauta, yara miliyan 2.3 aka yi lissafin za su shiga aji ɗaya, sai kusan miliyan 3 suka zo, aka riƙa karatu a gindin bishiya. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004, wato UBE, kuma ta sa ilimin shekara tara na farko ya zama kyauta kuma dole, don haka ba ki da ikon mayar da kowa gida. Abin da kike da iko a kai shi ne ki nemi taimako. Ki roƙi hedimasta ya ba ki 'yan aji shida guda huɗu ko biyar masu natsuwa, mata da maza, su wuni tare da ke a kwanaki biyun farko. Ki tabbata akwai mai jin Fulatanci a cikinsu.

Ranar, ki riga kowa zuwa, ki tsaya a bakin ƙofar aji. Kada ki zauna a kan tebur suna shigowa suna samunki kamar alƙali. Duk yaron da aka kawo, ki gaisa da wanda ya kawo shi, sannan ki rage tsawo ki dubi yaron a ido ki tambayi sunansa.

Maganar suna ita ce wadda nake so ki fi ba muhimmanci, domin a nan sababbin malamai suke tuntuɓe. Sunan da ke cikin rajista sunan yanka ne, yaranmu kuwa da yawa ba su taɓa jin an kira su da shi ba. Wanda aka sa wa sunan kakansa, Abba ko Baffa ko Halifa ake ce masa a gida saboda alkunya. Wadda ta ci sunan kakarta ita ce Ummi, ko Iya, ko Walida, ko Hajiya. Sai ki tsaya kina ta kiran Muhammadu Sani, yaro yana gabanki yana kallonki, shi a saninsa Abba ne, ki ɗauka taurin kai ne ko kurumta. Ga kuma wata: a aji mai yara 80 za ki iya samun Aisha shida, Fatima biyar, Muhammadu kuwa sai kin ƙirga. Saboda haka ki tanadi wani littafi naki na kanki ban da rajista. Kowane yaro ki rubuta sunan yanka, sunan mahaifi, sunan da ake kiransa a gida, unguwa ko rugar da ya fito, da sunan wanda zai riƙa tafiya da shi idan an tashi. Wanda ya zo da takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya ki kwafi ranar haihuwarsa. Wanda bai zo da ita ba, ki tambayi mai rakiyar, kada ki dogara da tsohuwar dabarar nan ta a sa yaro ya ɗora hannu ta saman kai ya taɓo kunne. Shekara shida ce ƙa'idar shiga aji ɗaya, amma za ki ga 'yar shekara huɗu ta biyo yayarta, ki ga ɗan shekara tara da sai bana aka sako shi daga kiwo. Ƙananan, idan makarantarku tana da ajin share fage, ki miƙa su can ta hannun hedimasta. Manyan kuwa ki kula da su sosai, domin kunya ce ke korarsu. Ki ba su aiki: wannan shi ke raba alli, wancan shi ke riƙe ƙofa.

A makon farko ki kira kowa da sunan gida. Daga baya sai ki riƙa haɗawa, "Abba, wato Muhammadu Sani," har kunnensa ya saba. Ba za ki haddace suna 80 a rana ɗaya ba, kada ki matsa wa kanki. Ki ɗauki layi ɗaya ko biyu kowace rana. Amma duk wanda kika kira da sunansa daidai, ki lura da fuskarsa, za ki ga yadda kafaɗunsa suke sauka.

Za a yi kuka, wannan ki sa a ranki. Wani zai riƙe zanen uwarsa, wani zai kwanta a ƙasa yana birgima, wata kuma ba za ta yi sauti ba, hawaye kawai za ki ga yana bin kumatu, yatsa a baki. Wannan ta ƙarshen ita ake mantawa da ita, don ba ta damun kowa. Kada ki ce wa mai kuka "yi shiru ko in zane ka," kada kuma ki bari uwa ta sulale ta gudu yana kallon wani wuri, domin daga ranar ya daina yarda da ita da ke gaba ɗaya. A gaya masa gaskiya da ma'aunin da ya sani. Yaro bai san ƙarfe goma sha biyu ba, amma ya san azahar. "Kafin a kira sallar azahar kana gida, Yaya ce za ta zo ta ɗauke ka." Ki zaunar da masu kuka kusa da ke, ki haɗa kowanne da ɗaya daga cikin 'yan aji shidan nan, ko da wani ɗan unguwarsu da ya sani. Sannan ki ci gaba da harkarki da sauran. Yawanci da zarar an fara tafi da waƙa, kukan yakan koma shessheƙa, shessheƙa ta koma leƙe.

Taron safe ba a hannunki yake ba. Ki dai roƙa a tsayar da naki a gaba ko inda inuwa take, kada kuma ki damu don ba su iya taken ƙasa ba. Tun da aka dawo da tsohon taken a watan Mayun 2024, manya ma da yawa laluben baitocin suke yi.

Da kun shiga aji kun zauna, kin yi sallama kin faɗi sunanki, abu na farko da za ki koyar shi ne yadda ake yin shiru. A nan ne zan amsa maganar dattijon malaminku. Yana da gaskiya a abu ɗaya: abin da aka saba da shi a makon farko shi ake yi har ƙarshen shekara, kuma aji mai yara 80 idan ba tsari ba za ki iya koyar da komai ba. Inda na saba da shi shi ne hanyar. Bulala tana sa aji ya yi tsit, amma irin tsit ɗin da yaro ba ya tambaya, ba ya amsawa ko ya sani, fitsari ya matse shi ya kasa ɗaga hannu. A ƙauye kuma, inda uba dama yana ganin yaron ya fi amfani a gona ko bayan shanu, ɗan da ya koma gida da shatar bulala ranar farko ya ce ba zai koma ba, babu mai tilasta masa. Kin rasa shi ke nan, watakila har abada. Ɗanyen itacen da ya ambata, da hannu ake lanƙwasa shi a hankali. Idan aka sa ƙarfi karyewa yake yi.

Ga abin da zai maye miki gurbin bulala. Yaran nan sun zo da wani abu daga gida: sun san idan aka ce "Ga ta nan, ga ta nanku," ana amsawa "Ta zo mu ji ta," sannan kowa ya kama bakinsa don labari zai fara. Ki ɗauki wannan ki mayar da shi alamar ajinki. Ki faɗa, su amsa, ki ɗora yatsa a leɓe, ki jira. Kada ki ce uffan sai ajin ya yi shiru gaba ɗaya, ko da zai ɗauki minti guda. Sai ki ce su yi surutu da gangan, ki sake faɗa, su sake yin shiru. Ki maimaita sau huɗu ko biyar kamar wasa, kina yaba layin da ya riga sauran. Amma ki cika alkawari: a karon ƙarshe ki ba su tatsuniyar, gajera, ta Gizo da Ƙoƙi ko wadda kika fi iyawa, da sauya murya da kwaikwayon tsamin bakin Gizo. Daga ranar sun san muryarki tana ɗauke da abin daɗi, za su riƙa neman jin ta. Malamar da ke ihu kullum, kafin wata guda makogwaronta ya dushe, yara kuma sun daina jin ihun.

Bayan haka ki fita da su zagaye, a layi biyu, kowa riƙe da hannun abokinsa, 'yan aji shida a gaba da baya. Shi kansa shiga layin darasi ne, ki ba shi lokacinsa. Ki nuna musu inda ake shan ruwa, ofishin hedimasta, ƙararrawa da yadda ƙararta take, da iyakar da ba a wucewa, musamman idan akwai titi, rijiya ko kududdufi kusa, tunda a Satumba kududdufai cike suke. Sannan banɗaki. Ki kai su har bakin ƙofa, ki nuna ɓangaren mata da na maza, inda buta take, da inda ake wanke hannu da sabulu, ko toka idan babu sabulu. Ki koya musu kalmar neman izini guda ɗaya, gajera, da alamar hannu ga wanda kunya ko rashin Hausa ya hana shi magana. A makonnin farko duk wanda ya nema ki bar shi, su tafi su biyu. Kuma ki sa tsohon zane ɗaya da ɗan wando a jakarki, domin sai an samu wanda ya saki fitsari a zaune. Idan ya faru, kada ki yi shela. Ki ta da ajin su yi waƙa suna fuskantar allo, wata 'yar aji shida ta fita da shi ta baya, a zuba ƙasa a wurin. Yaron da aka yi wa dariya a kan wannan, sunan da za a laƙaba masa zai bi shi har aji shida.

'Ya'yan rugage kuwa, ki koyi gaisuwa da kalmomi kaɗan na Fulatanci kafin ranar: zo, zauna, ruwa, sannu. Ɗalibanki 'yan aji shida za su koya miki cikin minti goma. Ki gaishe su da harshensu a gaban kowa, don sauran yara su ga malama ba ta raina shi ba. Kada ki tara su a kusurwa ɗaya, kada kuma ki warwatsa su ɗai-ɗai. Bibbiyu ya fi, kusa da yaran gari masu haƙuri. Sukan yi tafiya mai nisa kafin su iso, don haka makararsu ba ta raini ba ce. Manufar ilimi ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen gidansu ko na garin da yake zaune, an kuma sha kai ruwa rana a kan batun tun daga lokacin. Wajen darasi ki bi abin da hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiharku, wato SUBEB, ta tsara. Amma lallashi da doka da nuna hanyar banɗaki, da harshen da yaro yake ji ake yin su.

Kafin a kaɗa ƙararrawar tara, ki gaya musu a fili cewa wannan ba tashi ba ne, za a ci abinci a yi wasa a dawo. In ba ki faɗa ba, kashi ɗaya cikin ajin za su kama hanyar gida da zuciya ɗaya, su a ganinsu an gama. Ki ƙirga su da safe, ki ƙirga bayan tara, ki ƙirga kafin tashi, ki rubuta adadin a gefen allo. Ranar farko ki yi tara tare da su. A nan za ki ga wanda ya zo da kuɗin tara ko ɗan ƙunshin ɗumame, da wanda ya koma gefe yana kallon bakin wasu. Ki riƙe wannan a ranki ba tare da kin nuna shi ba. Haka kuma wanda kika ga yana gyangyaɗi, ki taɓa goshinsa kafin ki yi masa faɗa, domin ƙarshen damina lokacin zazzaɓin cizon sauro ne.

Bayan tara sai a taɓa alli. Ba rubutu ba tukuna: kowa ya zana abin da yake so, gidansu, akuya, saniya, mota. Idan babu takarda, a fita a zana a ƙasa da tsinke. Ke kuma ki bi layi kina kallo, domin wannan zanen zai gaya miki abubuwa da yawa. Za ki ga wanda ya iya riƙe fensir da wanda ya damƙe shi kamar muciya. Za ki ga bahago. Ki bar shi da hagunsa a rubutu, ki zaunar da shi a ƙarshen benci ta hagu don kada gwiwar hannunsa ta riƙa karo da ta maƙwabci. Za ki ga mai kai fuska dab da takarda ko mai ƙanƙance ido idan ya dubi allo, da wanda sai an taɓa shi yake juyowa. Waɗannan gaba za su koma, kuma a sanar da iyayensu. Za ki kuma ga waɗanda suka buɗe littafi ta baya suka fara daga dama. Waɗannan 'yan makarantar allo ne da Islamiyya, kuma ba kuskure suka yi ba, abin da aka koya musu ne. Ki ce musu karatun Alƙur'ani daga dama yake farawa, na boko daga hagu, ki sa ɗan ɗigo a kusurwar hagu ta sama a littafin kowa ya zama nan ne mafari. Yaran nan sun riga sun iya zama a gaban malami da biya karatu tare, su ne za su ja miki sauran.

Kowane abu kada ya wuce minti goma zuwa sha biyar. Da kin ga an fara mutsu-mutsu, ki ta da su tsaye a yi tafi, a yi wasan "jini-jini," ko a taɓa kai, kafaɗa, gwiwa ana faɗin sunayensu. Dokoki kuma kada su wuce uku ranar: ba duka, ana ɗaga hannu kafin magana, ba a fita sai an gaya wa malama. Wanda ya karya, ki kira sunansa, ki matso da shi kusa da ke, ki sa ya sake yin abin yadda ya dace. Gobe ma haka, jibi ma haka, ba sassauci ba ƙari. Tsayuwa a kan magana ɗaya ita ce ke hana raini.

Ki fara shirin tashi da sauran kusan minti ashirin. A tattara alli, kowa ya nemo takalminsa, a maimaita waƙar da aka koya, ki gaya musu abu ɗaya da za a yi gobe, misali ƙarashen labarin Gizo, idan kin yanke shi a daidai inda ya fi daɗi. Sai ki buɗe littafin nan naki ki sallame su unguwa-unguwa, 'yan nesa da farko, kowa a hannun wanda aka rubuta zai tafi da shi. Kada ki bar harabar sai na ƙarshe ya tafi.

Shi kuma dattijon malamin, kada ki yi jayayya da shi, kada kuma ki ba da labarinsa a ɗakin malamai. Ki gode masa, ki ce za ki gwada taki dabarar, idan ta gagara za ki dawo. Sannan ki tambaye shi abin da ya fi ki sani nesa ba kusa ba: gidajen garin, wane uba ne sai an bi shi da lallami, wace rana ce kasuwa take ɗauke yara, yaushe girbin gero da gyaɗa yake rage aji. Za a ci gaba da kawo miki sababbin yara har makonni bayan buɗewa, kowannensu kuma ranar da ya zo ita ce ranarsa ta farko, sai ki sa tsofaffin su nuna masa alamar shiru da hanyar banɗaki. Wanda kuma ya zo kwana biyu kika daina ganinsa, kada ki jira ƙarshen wata. Ki duba littafinki, ki aika ɗan unguwarsu ya ce malama tana gaishe da Abba, ta ce ba ta gan shi ba yau. Idan bai zo ba washegari, ki nemi dattijon nan ya raka ki gidan bayan la'asar.

Allah ya ba ki haƙuri da lafiyar murya. Ki rubuto mini bayan mako biyu in ji yadda kuka kwashe.

Gwaggonki